Nono da mangwaro a ɗakin girkina na Agege

Shekarar da aka kawo ni Legas, bayan Inna babu abin da na yi kewa kamar nono. Akwai shi a nan, ana samu a Agege, ana samu a Idi-Araba, in kika je Alaba Rago ma za ki tarar da masu fura. Amma ni a Zariya na tashi, inda 'yar Fulani ke yin sallama da hantsi, ta sauke ƙwarya ta ɗaga faifai, ki ga kindirmo ya yi barci, samansa ya ɗan yi rawaya saboda mai. Wanda ya saba da wannan, harshensa ba ya mantawa. Na nan yawanci kafin ya iso hannunki ya sha hanya ya sha rana, ya koma tsala, tsaminsa har kama haƙori yake.

Duk da haka ina saye ina sha, don ni ko tsala ce tana tuna min gida. Yarana ne suka ƙi. Su uku, duk a nan aka haife su. Ranar da na dama fura na miƙa wa babbar, ta kurɓa sau ɗaya ta yamutsa fuska ta ce, "Mama, ya lalace." Abin ya tsaya min a rai har dare. Yarinyar da kakarta ke karya kumallo da fura da nono tun kafin a haife ni, ita ce take ganin tsamin nono lalacewa ne. Yogot ɗin kanti mai sukari da kala shi ta sani, shi take kira nono mai kyau.

Daga nan na ce zan riƙa haɗa kindirmona da kaina, in sami mai sauƙin tsami, in kuma nemo hanyar da zai shiga bakinsu.

Madarar shanu sabuwa tana da wuyar samu a inda nake, saboda haka da madarar gari nake yi, mai cikakken mai. Wadda aka cire wa mai ba ta yin kauri yadda nake so. Kofi 1 na madara, kofi 3 na ruwa. Ina tafasa ruwan tukuna, in bar shi ya huce kaɗan, sannan in dama madarar da maburgi har gudajin su narke. Sai jira. Ma'aunina shi ne ɗan yatsana bayan na wanke hannu: idan na tsoma na ƙirga goma ban ji ya ƙone ni ba, amma ɗumin na nan sosai, to ya yi. Masu ma'aunin zafi suna cewa tsakanin digiri 40 zuwa 45 ne. Idan ya fi haka zafi, za ki kashe irin. Idan ya yi sanyi, zai daɗe bai kama ba. Irin kuwa tsohon kindirmo ne ko yogot marar sukari, cokali 2 na cin abinci a kan lita ɗaya. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cinye sukarin madara su mayar da shi tsami, tsamin nan ne kuma yake sa madarar ta daskare. In juya a hankali, in rufe, in saka a cikin kular abinci, in ajiye a lungun da babu mai taɓawa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci. Nonon da ake motsawa yana cikin barci, ruwa yake saki.

A nan zafin Legas ya yi min rana. A Zariya lokacin hunturu sai Inna ta nannaɗe ƙwarya da bargo ta kwana, wani lokacin har hantsi bai gama ba. Ni a nan idan na haɗa bayan isha'i, kafin asuba ya kama. Awa 6 zuwa 8 sun isa. Da zarar na karkata kwanon na ga ya tsaya kamar kafaffen koko, sai firij, don duk awar da ya ƙara a waje tsami yake ƙarawa, tsamin kuma shi ne abin da yaran ke gudu. Wadda ta dace ta samu madarar shanu sabuwa, don Allah ta tafasa ta sosai kafin komai. Tarin fuka na shanu da wasu cututtukan suna bi ta ɗanyar madara.

Kayan marmari kam Legas ba ta da rowa. Ranar Asabar in maigida zai leƙa 'yan uwansa masu sayar da albasa a kasuwar Mile 12, nakan bi shi, in ba haka ba masu baro a bakin titinmu sun wadatar. Da ayaba na fara, don babu yaron da ke ƙin ta. Wadda ta nuna har bawonta ya fara ɗigo-ɗigon baƙi ita ce mai zaƙin, kuma ita masu sayarwa ke sakin ta da araha da yamma. Ina ɓare ta in yanka in zuba a leda in jefa a firiza duk lokacin da aka kawo wuta. Daskararriyar ayaba ta fi ƙanƙara amfani nesa ba kusa ba: tana sanyaya haɗin, tana ba shi kauri, ba ta tsinka shi. Ƙanƙarar da ake sayarwa a hanya kuwa ban san ruwan da aka yi ta da shi ba, ba na saka wa yara.

Sukari ba ya shiga bilendata. Dabino 4 ko 5 nake cire wa ƙwallo, in jiƙa a ruwan ɗumi na minti 15 har ya yi laushi, in zuba shi tare da ruwan jiƙon. Busasshen dabinon da muke saye a bakin masallaci yana da tauri, idan ba a jiƙa ba sai ya riƙa kaɗawa a cikin bilenda yana barin ɓarɓashi. Kindirmo kofi 2 shi ke fara shiga, don wuƙar ta samu abin juyawa, sai dabino, sai ayaba 2 a sama. Minti ɗaya ya isa. Ɗan garin citta a bakin cokali, saboda ƙamshin fura da nake so hancinsu ya fara sabawa da shi.

Amma sarkin haɗin nan mangwaro ne. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da ya cika gari, kusan kullum sai na yi. Nakan zaɓi mai tsoka marar zare, don mai zare sai an tace, tacewar kuma tana tafiya da rabin daɗin. Idan mangwaro nunanne ya haɗu da kindirmo mai sanyi, launin sai ya fito kamar ƙwaiduwa, ƙamshin ya cika ɗakin girki, zaƙinsa ya rufe tsamin nonon ba tare da ya kashe shi ba. Kina sha kina jin nonon a ƙarshen harshe. Fiya ma tana yi, rabi kawai, tana sa shi ya yi santsi ya riƙe ciki. Kankana ce ban ga amfaninta a nan ba. Ruwa ne zalla, tana tsinka haɗin, bayan minti kaɗan ya rabu gida biyu. Gara a yanka ta a ci haka nan.

Abarba ce ta koya min darasi, a azumin 2024 da ya faɗo cikin zafin watan Maris. Na samu abarbar Kwatano, doguwar nan mai farar tsoka da zaƙi kamar zuma, na ce yau buɗa-baki zai yi armashi. Bayan la'asar na niƙa ta da kindirmo cikin babban jug, na saka a firij, don akwai baƙi biyu da maigida ya gayyato. Aka kira magariba, aka ci dabino, aka zuba haɗin a kofuna. Ɗaya daga cikin baƙin, dattijo ne, ya kurɓa ya ajiye kofin a hankali bai ce komai ba. Da na ɗanɗana na ji ɗaci kamar an jiƙa maganin zazzaɓi a ciki. Madarar da na kashe kuɗi a kanta, ga mutane sun wuni da ƙishirwa. Na ji nauyin abin ƙwarai.

Ƙanwata da ke karatun kimiyyar abinci ce ta warware min a waya. Ta ce, "Yaya, ɗanyar abarba tana da wani sinadari mai narkar da furotin, idan ya zauna da madara sai ya farfasa ta, ɗacin daga nan yake." Gwanda ma tana da irinsa, musamman wadda ba ta gama nuna ba, shi ya sa wasu ke nannaɗe nama mai tauri da ganyenta kafin dahuwa. Zafi yana kashe sinadarin. Tun daga ranar, in zan sa abarba, ko dai in niƙa a sha nan take, ko in ɗan dafa yankakken na minti 5 in bari ya huce tukuna. Gwanda kuwa sai wadda ta nuna luguf, ita ma ba na barin haɗinta ya jira.

Ranar da babu wuta ma ana yi. Ayaba da mangwaro nunannu suna murƙushewa da bayan ludayi, maburgi ya ƙarasa aikin. Ba ya yin sumul kamar na bilenda, amma ƙaramin nawa ya fi son sa haka, wai yana jin abin taunawa.

Bayan sallar layya Inna ta zo duba mu, da ƙullin fura na gero da ta sa aka yi mata ranar tafiya. Ta zauna a kujerar ɗakin girki tana kallona ina zuba ayaba a cikin nono, ta ce, "Ke kuma wannan wane irin damu ne?" Na ce, "Inna, jikokinki ne ba sa shan tsami." Ta yi shiru, sannan ta kwance ƙullin ta ɓantari rabin dunƙulen fura ta miƙo min. "Sa wannan a ciki mu gani."

Na sa. Haɗin ya yi kauri, launin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ƙamshin citta da kanumfari ya taso. Na zuba wa babbar a kofi ban gaya mata abin da ke ciki ba. Ta shanye tana tsaye, ta goge baki da bayan hannu, ta tambayi me na ƙara yau. Inna ce ta amsa mata, ta ce gero ne daga gonar kawunta. Washegari da safe na same su su biyu a tabarma, Inna na dama sauran furar a ƙwarya da ludayi, yarinyar na yanka mata ayaba a ciki da 'yar wuƙa, tana tambaya ko dunƙule ɗaya zai ishe su.