Wayar Ikilisiya a hannuna

Kullen korona na 2020 ne ya jefa ni cikin wannan aiki. An rufe majami'u da masallatai, Fada, wato firist ɗin majami'armu ta Katolika, ya kira ni ya ce, "Ɗana, tunda ka iya waya, zo ka riƙa watsa mana Misar Hausa a Facebook." Misa ita ce babbar ibadarmu. Muka ɗaure wayar a jikin sandar makirfo da robar taya, muka janye janareta can bayan ɗakin katikis, mai koyar da addini, don kada ƙararsa ta danne wa'azi. Fada yana fuskantar kujeru babu kowa, ni kuma ina kallon batir yana sauka. Hoton Paparoma Francis shi kaɗai cikin ruwan sama a dandalin Saint Peter ranar 27 ga Maris na shekarar ya ƙarfafa mini zuciya ƙwarai.

Da aka buɗe majami'u, wayar ta ci gaba da zama a wurina, har aka ƙara mini da zauren WhatsApp na Ikilisiya. Wannan ɓangaren ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Abu na farko da na gane shi ne, ba mu kaɗai ke saurare ba. Wata rana na je sayen sukari wurin maƙwabcinmu mai shago, Musulmi dattijo, sai ya ce, "Malam, na ji wa'azin Fadanku kan haƙƙin marayu, wallahi ya yi magana." Ɗansa ne ya nuna masa. Tun daga nan nake karanta duk abin da zan saka da idon wannan dattijo, domin maganar da a da takan tsaya tsakanin bango huɗu yanzu tana yawo kasuwa da tasha.

Lahadin Fentikos, idin saukowar Ruhu Mai Tsarki, 5 ga Yunin 2022, 'yan bindiga suka afka wa majami'ar Saint Francis da ke Owo a jihar Ondo, suka kashe masu ibada da dama. Kafin yamma zauren ya cika da hotunan gawarwaki, wasu na Owo ne, wasu kuwa tsofaffin hotuna ne na wasu wurare da aka liƙa musu sabon bayani. Ga saƙonnin murya masu ɗora laifi a kan al'umma guda sukutum. Ni ma raina a ɓace yake, amma na kulle zauren na wannan dare, na bar sanarwar Fada da lokacin addu'ar rosari, wato carbin Katolika. Wata uwa daga zumuntar mata ta kira ni cikin kuka. "Ɗana, an kashe mu, kuma ka rufe mana baki?" Na ce, "Mama, ku yi haƙuri. Waɗannan 'ya'yan wasu ne, kada iyayensu su tarar da gawarsu tana yawo a waya." Ta yi shiru, sannan ta ce a sa sunanta cikin masu jan addu'a.

Ban yarda Kirista ya naɗe hannu a kan zalunci ba, kuma Ikilisiya ba ta koyar da haka. Bishop-bishop ɗinmu da kansu suka fito titunan Abuja cikin baƙaƙen tufafi ranar 1 ga Maris 2020 don kuka kan kashe-kashe. Sai dai sun fito da fuskokinsu da sunayensu, abin da saƙon da aka turo daga "wani na kusa da gwamnati" ba shi da shi.

Zaɓen 2023 ya zo da nasa gwajin. Aka riƙa turo takardu masu tambarin Ikilisiya, wai bishop-bishop sun ce a zaɓi wane. Duk wadda ta shigo sai na tura wa Fada, shi kuma ya tambayi ofishin dayosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, kafin ta wuce. Dokar Ikilisiya, sashe na 287, ta hana firistoci shiga harkar jam'iyya kai tsaye, sai in hukumar Ikilisiya ta ga akwai larura. Abin da aka yi ta nanata mana daga bagadi shi ne a karɓi katin zaɓe, a fita a yi zaɓe bisa lamiri, kada a sayar da ƙuri'a. Irin wannan tantancewa nake yi da saƙonnin Kirsimeti da Ista na Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato. Akan yanko jimla ɗaya a yi ta cacar baki a kanta, ni kuwa sai in nemo saƙon gaba ɗaya, in karanta, in taƙaita da Hausa cikin saƙon murya, saboda iyayenmu da yawa sun fi jin magana a kunne fiye da karatu.

A nan giɓinmu yake. Tun 1963 Majalisar Vatican ta Biyu, babban taron bishop-bishop na duniya, ta yi magana kan kafofin sadarwa, tun 1967 kuma ake kiyaye Ranar Sadarwa ta Duniya, Lahadin da ke zuwa kafin Fentikos, amma kaɗan ne daga cikin saƙonnin Ikilisiya kan sadarwa ke isa ƙauyukanmu da Hausa. Shi ya sa na yi murna da aka kafa dayosis na Katsina a 2023, aka ba Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe wanda ya karanci sadarwa ya kuma koyar da ita.

Har yanzu muna watsa Misa, amma Fada ya faɗa a fili cewa don marasa lafiya ne da tsofaffi da matafiya. Mai ƙafa ya zo majami'a. Waɗanda ke kwance kuwa, idan suka aiko mini da suna kafin Asabar, ina miƙa wa Fada, a kai musu Jibin Ubangiji, wato gurasar da aka tsarkake a Misa, har gida bayan Misa.