Digirin Dakta a Harshen Fotugis: Abin da Takardun Bahiya Suka Koya Mini

Da na faɗa wa mahaifina cewa na samu gurbin karatun digirin dakta a sashen nazarin harsuna da al'adun Sifaniya da Fotugal, sai ya ce, "To, su waɗannan ina ruwanmu da su?" Na ce, "Baba, akwai kakanninmu da aka kai ƙasar Burazil a cikin sarƙa, kuma labarinsu da harshen Fotugis aka rubuta shi." Ya sa mini albarka, na kama hanya.

A Amurka na yi karatun, inda yawancin jami'o'i ke haɗa harsunan biyu a sashe guda. Tsarin yakan ci shekara biyar zuwa shida: biyun farko na zaman aji, sai babbar jarrabawa a kan dogon jerin littattafai, sai kare tsarin bincike a gaban kwamitin malamai, sannan a sake ka ka tafi neman hujjoji. Kuɗin makaranta da na abinci daga koyarwa suke fitowa. Da safe ina koya wa 'yan shekarar farko Sifaniyanci, da dare ina fama da nawa karatun na Fotugis. Wannan koyarwar tana cin lokaci fiye da yadda ake faɗa wa mai neman shiga, kuma wanda bai iya tsare sa'o'in rubutunsa ba, gyaran takardun ɗalibai zai cinye masa shekara.

Wanda ya iya Sifaniyanci zai karanta jaridar Fotugis ya gane mafi yawanta, amma kunne wani abu ne daban. Fotugis yana da wasula 'yan hanci, kuma mutanen jihar Bahiya ta ƙasar Burazil suna haɗiye ƙarshen kalma. Sai da na zauna a Salvador, babban birnin jihar, ina cefane a kasuwa, ina hawa motar haya, kafin kunnena ya buɗe. Bayan wannan ga rubutun hannu na magatakardan kotu na ƙarni na 19, cike da taƙaita kalmomi, tawada ta ratsa takarda, kwari sun ci gefe. A farko shafi guda kan cinye mini yini.

Babban ɗakin ajiyar takardu na jihar Bahiya yana cikin wani tsohon gini mai suna Quinta do Tanque. A nan aka adana takardun shari'ar tawayen da bayi da 'yantattun Musulmi suka yi a daren 24 wayewar 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan. Kimanin mutum 600 ne suka fito titunan Salvador, da yawansu sanye da fararen riguna, rataye da layu. An murƙushe su a Água de Meninos, gaban barikin sojojin doki. Aka harbe mutum huɗu a watan Mayu, aka yanke wa dattijon malami Pacífico Licutan bulala 1,000, aka kuma kora 'yantattu da dama zuwa gaɓar tekun Afirka ta Yamma. 'Yan sanda sun kwashe alluna da takardun Larabci daga gidaje, suka sa wani bawa Bahaushe mai suna Albino ya karanta musu.

Ranar da aka ajiye mini waɗannan takardu a kan tebur, jikina ya yi sanyi. Rubutun irin na allonmu ne, ɗigon fa a ƙasa, ɗigon ƙaf guda ɗaya a sama, kamar yadda muka koya a tsangaya da ƙira'ar Warshu. Ayoyi ne da addu'o'i, wasu hannun gwani, wasu hannun ɗan koyo mai maimaita layi ɗaya. Wani masani mai suna Rolf Reichert ya buga hotunansu tun 1970, amma hoto bai nuna maka yadda aka nannaɗe takarda ƙanƙanuwa don ta shiga cikin fatar laya. A nan na gane cewa karatun allon da ban taɓa sawa a takardar neman gurbi ba, shi ne abin da nake da shi wanda abokan karatuna ba su da shi. Sun fi ni Fotugis nesa ba kusa ba, amma ni da na ga kalma biyu sai in san surar da aka ɗauko.

Sai dai akwai abin da nake so 'yan'uwana Hausawa su ji, ko da ba zai yi daɗi ba. Ina yawan ganin rubuce-rubuce a intanet da ke cewa tawayen 1835 na Hausawa ne. Takardun ba su ce haka ba. Mafi yawan waɗanda aka gurfanar Yarabawa ne, waɗanda a Bahiya ake kira Nago, kuma masanin tarihi João José Reis ya tabbatar da wannan tun a littafinsa na 1986. Akwai Hausawa a ciki, kamar Elesbão do Carmo da ake kira Dandará, 'yantacce mai sayar da taba kuma mai koyar da karatu, akwai kuma Luís Sanin, Banufe. Zamanin da Hausawa suka ja gaba ya riga wannan: shirin tawayen da aka tona a 1807, da boren 1809, da na Fabrairun 1814 da ya tashi a wuraren kamun kifi na Itapuã. Dalilin yawansu a lokacin ba ɓoyayye ba ne. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun samar da fursunoni daga kowane ɓangare, aka gangara da su ta ƙasar Oyo zuwa tashoshin jiragen ruwa irin su Wida da Ikko. Wannan tarihin namu ne, da nauyinsa duka, har da hannun mutanenmu a sayar da su. Ba ma bukatar mu ƙwace na wasu.

Darasi mafi wuya shi ne yadda ake karanta shaidar wanda ake tuhuma. Mutumin da ke magana yana tsoron bulala ko igiya, wani lokaci ta bakin tafinta yake magana, kuma magatakarda ne ke zaɓen abin da zai rubuta. Idan ya ce bai san karatu ba, mai yiwuwa malaminsa yake karewa. Malamar da ke duba aikina ta kan mayar mini da babi da tambaya guda a gefe: wa ke magana a nan? Na koyi in jera shaidu uku ko huɗu a kan abu ɗaya kafin in rubuta jimla, in kuma bar gurbi a inda takarda ta yi shiru.

Ga mai sha'awar wannan hanya, ya fara da harshen tun kafin ya nemi gurbi, ya kuma nemi malamin da bincikensa ya yi kusa da nasa, domin sunan jami'a ba ya karanta maka babi. Ba dole sai Amurka ba. Burazil tana da shirin tallafin karatu mai suna PEC-PG ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa, an kuma saba neman shaidar jarrabawar Fotugis ta Celpe-Bras. Jami'ar Tarayya ta Bahiya tana da cibiyar nazarin Afirka da Gabas tun 1959. A ɓangaren Sifaniya ma akwai aikin da ke jiran mai idon ajami: Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci, waɗanda aka kora daga ƙasar tsakanin 1609 da 1614, sun rubuta Sifaniyanci da haruffan Larabci, kuma a 1884 an gano tarin littattafansu ɓoye a wani tsohon gida a garin Almonacid de la Sierra. Su nake karantawa yanzu, ina kwatanta yadda suka rubuta wasulan da Larabci ba shi da su da yadda malamanmu na Kano da Sakkwato suka warware irin wannan matsalar.