Wata biyu da na kwashe da littafin Thietmar

Malaminmu na tarihi ya ce in fitar masa da jerin yaƙe-yaƙen Sarki Henry na II na Jamus da Boleslaw na Poland daga littafin Thietmar, bishop ɗin Merseburg a Jamus. Na ɗauka aikin mako guda ne. Sai da na kwashe wata biyu.

Da farko shekaru kawai nake farauta. Shi kuwa bawan Allahn nan, yana tsakiyar labarin yaƙi sai ya kauce, ya shiga ba ka labarin mafarkin da ya yi, ko na matattu da aka gani suna ibada a coci da dare. Na riƙa tsallake su, ashe nan mutumin yake.

Ranar da na daina tsallakewa na ci karo da inda ya siffanta kansa: ɗan guntun mutum, muƙamuƙinsa na hagu ya lalace saboda wani ƙurji, hancinsa da ya karye tun yana yaro ya mai da shi abin dariya. Bai tsaya nan ba. Ya amsa cewa shugabancin cocin Walbeck da ya samu a 1002, sayensa ya yi daga hannun baffansa. Wanda ya tona asirin kansa haka, sai na saki jiki da shi fiye da kima.

Malam ne ya farkar da ni. Ya duba takardata ya ce, "Kai, wannan ai bakin Thietmar ka ara." Gaskiyarsa. Thietmar ba ya ƙaunar Boleslaw ko kaɗan, ni kuma na kwashe zaginsa na zuba a matsayin hujja. Ga kuma ciwon Merseburg: an kafa kujerar bishop ɗinta a 968, aka rushe ta a 981, sai 1004 Henry ya maido da ita. Thietmar ya hau a 1009, ya fara rubutu a 1012, bai ajiye alƙalami ba har rasuwarsa a 1018. Duk wanda ya taɓa Merseburg, ka san hukuncinsa tun kafin ka juya shafi.

Haka na koma farkon littafin mai juzu'i takwas, na ƙara layi ɗaya a jadawalina: wa ya gaya masa? Wasu yaƙe-yaƙen da shi aka je. Kiev kuwa, da ya ce tana da coci fiye da 400 da kasuwanni 8, bai taɓa taka ƙafarsa can ba. Na rubuta "ji ya yi" a gefen, da jan biro.