Saurayin da ya tsaya a bakin ƙofa

Ina shekara ta biyu da fara aikin ba masu damuwa shawara a Birmingham aka turo min shi. Saurayi ne, bai kai ashirin da biyar ba. Yana ganin hijabina ya ja ya tsaya, hannunsa a kan ƙofa, kamar wanda ya yi ɓatan ɗaki. Sai a zama na uku ya amayar da abin da ke cinsa: Musulmi ne, maza yake sha'awa, rabonsa da barcin kirki ya fi wata huɗu.

Gabana ya faɗi. Abin da aka karantar da ni a Islamiyya a Zariya yana nan daram, har yau ban sauya aƙida ba. Ga kuma ƙa'idar aiki. Ƙungiyarmu ta masu ba da shawara a Birtaniya, wato BACP, ta sa hannu a yarjejeniyar 2015 wadda ta hana mu yunƙurin "gyara" wa mutum sha'awarsa, dokar daidaito ta 2010 kuma ba ta yarda a juya wa mutum baya saboda haka ba. Na kai maganar gun mai duba aikina, wadda dole mu zauna awa ɗaya da rabi duk wata, na ce a miƙa shi ga wani. Ta ce, don amfaninsa ko don ki huta? Har na isa gida ina jin haushinta.

Ban miƙa shi ba, amma na yi katoɓara. Wata rana yana kuka, baki ya suɓuce min na ce ya yawaita istigfari. Mako biyu ban gan shi ba. Ashe nasiha ba ta yi masa ƙaranci ba, ya sha ta a gida da masallaci har ya ƙoshi. Abin da ya rasa shi ne wanda zai faɗa wa cewa yana tara ƙwayoyin magani a aljihun tebur.

Da ya dawo na ba shi haƙuri. Muka tsara wanda zai kira in dare ya yi masa nauyi, muka sanar da likitansa da yardarsa, ya mayar da ƙwayoyin kemis.

Ya taɓa tambayata ko Allah yana karɓar sallarsa. Na ce ni ba malama ba ce, fatawa ba hurumina ba ne, amma me ya sa ya daina yi? Ya ce kunya. Muka ci zama biyar a kan wannan kunyar. A ranar ƙarshe, yana ɗaure igiyar takalmi, ya ce, "Anti, yau na tashi asuba."