Abin da aikin wuta ya koya min kan ɗumama ɗaki a hunturu

Mu nan Sakkwato zafi kowa ya sani, Afrilu ma'auni ya haura 40 ba mai mamaki, shi ya sa in anka yi zancen kayan ɗumama ɗaki sai wasu su ga kamar ba namu ba ne. Amma duk wanda ya kwana ɗakin bulo mai rufin kwano tsakiyar Janairu ya san sanyin asuba ba wasa ba ne, balle gidan da ke da tsoho ko jariri. Ni aikin wuta nake, wayarin da gyaran kayan lantarki, kuma abin da na lura tun ina yaron shago shi ne sanyinmu gajere ne, Disamba zuwa farkon Fabrairu, sauran watanni kayan na ajiye ba mai waiwayarsu, to ajiyar nan ta fi aiki lalata su.

Ɗauki hita ta lantarki. Ana jefa ta ƙarƙashin gado ko bisan wadrob, ƙura ta cika ta, ɓera ya ɗan taɓa waya, ranar da sanyi ya sauko kawai a ciro a jona. Kuma a ina ake jonawa, a ekstenshan ɗin kasuwa mai siririyar waya wanda anka yi don cajin waya. Hita mai wat 2000 tana jan kusan amp 9, maigidana kullum faɗi yake, hita soket ɗin bango take so ita kaɗai, da waya mai kauri, lamba 2.5, ba ta da abokin zama. In ka taɓa fulogi ka ji ya yi zafi ko ka ga ya fara baƙi, kashe, kar ka ce bari gobe. Gyaranta ba wuya, a kakkaɓe ƙura, a duba waya, a nisanta ta da labule da gidan sauro.

Garwashi shi ne mutanenmu sunka fi dogara da shi don wuta ba ta tsayawa kuma gawayi ko'ina akwai, shi ba elemen (ƙarfen da ke yin zafi cikin hita) ba fiyus, ba abin da zai lalace, amma wallahi shi na fi tsoro. Gawayi in yana ci a ɗakin da anka rufe ƙofa da taga anka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini fiye da yadda iskar da muke shaƙa ke kamawa sau fiye da 200. Mutum zai fara jin ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ya ɗauka mura ce ko gajiya ya koma ya kwanta, wani shi ke nan. Kulawar kasko ita ce a hura shi waje sai ya kama sosai, a shigo da shi ɗaki ya ɗuma ana zaune ana gani da taga a ɗan buɗe, a fitar da shi kafin barci. Hita mai gas ma haka, tana son iska, ga tiyo da ragulato da za a shafa wa ruwan sabulu a ga ko zai yi kumfa.

Hitar ruwan wanka kuma matsalarta ruwan. Ƙasar nan akwai dutsen farar ƙasa, ga Kalambaina nan da ake siminti, ruwan wasu burtsatse yana barin fari-fari a jikin elemen har ya rufe shi, sai ta riƙa daɗewa ba ta tafasa ba, mita na gudu, ƙarshe elemen ya fashe, in babu wayar as (wadda ke kai wutar da ta ɓalle ƙasa) ruwan ya riƙa jan mutum a banɗaki. Mai aiki da hasken rana ba ta cin wuta, sai dai hazo na rufe gilashinta daidai lokacin da ake bukatarta, dole a riƙa gogewa.

Ingila da suke amfani da boila mai gas tana tura ruwan zafi cikin bututu zuwa ɗakuna, doka ce mai gidan haya ya sa ma'aikaci ya duba kayan gas sau ɗaya duk shekara. Mu ba wanda zai tilasta mana, don haka kwastomomina tun Nuwamba nake kiransu in ce Alhaji a fito da hitar nan in duba, kafin sanyi ya sauko shago ya cika kowa na gaggawa.