Aikinmu shi ne sanin wanda ke riƙe da makulli

Kamfaninmu ƙarami ne, ofishinmu yana nan cikin birnin Kano, kuma hajarmu ba irin wadda ake ɗauka a hannu a juya ta a duba ba ce, shi ya sa takan yi wuyar tallatawa ga wanda ya saba biyan kuɗin abin da idonsa ya gani. Muna yi wa asibitoci masu zaman kansu, makarantun kuɗi, kamfanonin jigilar maniyyata aikin hajji da umara, ofisoshin lauyoyi da manyan 'yan kasuwa aikin tsare bayanan mutanen da suka ba su amana. Bayanan nan su ne sunaye da lambobin waya, lambar BVN da ta NIN, hoton fasfo, sakamakon gwajin jini, takardar albashin ma'aikata da makamantansu. A da duk waɗannan suna cikin fayil a kabad ɗin ƙarfe, kuma kowa a ofis ya san wanda makullin yake aljihunsa. Yanzu suna cikin rumbunan intanet irin su Google Drive da OneDrive, suna cikin imel da WhatsApp, akanta yana buɗe su daga gidansa a Hotoro, magatakarda daga Kabuga, maigida kuma daga masaukinsa a Dubai ko Guangzhou. Kullen korona na 2020 ne ya tura ofisoshi da yawa kan wannan hanya cikin gaggawa, kuma da aka buɗe gari ba wanda ya koma ya duba abin da aka bari a buɗe.

Yawancin waɗanda ke kiranmu suna zuwa da tsoro guda, wato kada wani gwanin kutse daga wata ƙasa ya fasa Google ko Microsoft ya kwashe musu kaya. Nakan gaya musu cewa ba ta nan ɓarna ta fi zuwa ba. Wanda ya kama hayar shago a wata filaza a Kantin Kwari ya san cewa mai ginin ne ke da alhakin katanga da babbar ƙofa da maigadi, amma kwaɗon shagon da yawan yaran da aka yanka wa makulli, wannan na mai shago ne. Kamfanonin rumbun intanet ma haka suka rubuta a ƙa'idojinsu, cewa alhakin tsaro a rabe yake tsakaninsu da mai haya. A 2019 an kwashe bayanan mutum kusan miliyan 100 a Amurka da wajen miliyan 6 a Kanada daga bankin Capital One, bayanan kuwa suna ajiye ne a rumbun Amazon, amma kafar da aka bi ita ce wani shingen tsaro da bankin bai saita daidai ba, kuma bankin ne hukuma ta ci tarar dala miliyan 80. A 2024 an shiga asusun kamfanoni fiye da 100 masu ajiya a wurin kamfanin rumbun intanet na Snowflake, ciki har da AT&T da Ticketmaster, ta hanyar kalmomin sirri da aka sace daga kwamfutocin da muguwar manhaja ta kama, kuma asusun da aka shiga ba su da mataki na biyu na tantancewa, wato wata shaida da ake nema bayan kalmar sirri. In masu biliyoyin daloli sun faɗa ta wannan rami, ofishin da ma'aikata shida ke amfani da kalmar sirri ɗaya da aka rubuta a bayan kalanda ba shi da dalilin jin cewa ya tsira.

Saboda haka ba ma fara aiki da sayar wa kowa manhaja. Mukan fara da zama da kowane ma'aikaci shi kaɗai, daga manaja har mai karɓar baƙi, mu tambaye shi abin da yake karɓa daga hannun jama'a, inda yake ajiye shi, da wanda yake tura wa. Wannan zama shi ne ƙashin bayan sana'ar, kuma shi ne abin da ba a koya a cikin mako biyu, domin ma'aikaci ba zai gaya maka gaskiya ba matuƙar yana ganin kamar maigida ne ya turo ka kama mai laifi. Sai ka yi haƙuri, ka sha shayi da shi, ka nuna masa cewa wahalarsa ka zo ragewa, sannan zai buɗe wayarsa ya nuna maka cewa hotunan fasfon maniyyatan bara duka suna nan cikinta tare da hotunan bikin ƙanwarsa. Daga nan mukan shiga rumbun kamfanin mu bi fayil-fayil mu ga waɗanda aka saita ta yadda duk mai riƙe da mahaɗinsu, wato link ɗin da ake turawa, zai iya buɗewa ba tare da an tambaye shi ko wane ne ba. Irin wannan mahaɗi, da zarar ya shiga zauren WhatsApp guda, ya fita daga hannun mai shi, kuma yakan yi shekaru yana aiki bayan kowa ya manta da shi.

Sai batun waɗanda suka bar aiki. A nan Kano ana rabuwa da ma'aikaci cikin mutunci, a yi masa addu'a, a ce sai an zo gaisuwa, kuma mutane suna jin nauyin rufe asusunsa washegari, kamar hakan zargi ne. Mu ba ma jin wannan nauyi, kuma mukan sa a rubuta a ƙa'idar ofis cewa ranar da mutum ya ajiye aiki ita ce ranar da ake rufe imel ɗinsa, a cire shi daga rumbu da zaurukan WhatsApp, a canza duk kalmar sirrin da ya taɓa sani, ta yadda ba wanda zai ɗauki abin a matsayin cin fuska tunda kan kowa yake hawa. Ba lallai ne tsohon ma'aikacin ya zama mugu ba kafin asusunsa ya jawo masifa. A watan Mayun 2021 an shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusun shiga daga nesa da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, har aka yi layin mai a gabashin ƙasar, kamfanin ya biya kuɗin fansa kusan dala miliyan 4.4.

Mataki na biyu na tantancewa ba ma sasantawa a kansa. Duk asusun da ke taɓa bayanan jama'a sai an haɗa shi da wata shaida bayan kalmar sirri, kuma mun fi son manhajar da ke fitar da lamba a cikin waya, irin su Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, a kan lambar da ake turowa ta saƙon tes, domin layin waya ana iya sabunta shi da sunan mai shi ba da saninsa ba. Ga maigida da akanta mukan ba da shawarar ɗan makullin tsaro na YubiKey da ake sokawa a jikin kwamfuta.

Inda na fi alfahari da aikinmu shi ne tsarin masu aiki daga gida, domin a nan ne takardun da aka rubuto daga Turai ba sa dacewa da rayuwarmu sai an yi musu gyara. Kwamfutar da ma'aikaci ya kai gida ba tasa ba ce shi kaɗai: da yamma yaro zai buga wasa a kai, ƙane zai sauke fim daga shafin da ba a san asalinsa ba, maƙwabci zai soka filashi ya kwafi karatu. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da LastPass, kamfanin da sana'arsa ita ce ajiye wa mutane kalmomin sirri, wanda a 2022 aka kai ga rumbunsa ta kwamfutar gida ta wani babban injiniyansa, saboda wata manhajar kallon finafinai da ba a sabunta ba. Mu dokarmu ita ce kwamfutar aiki ta aiki ce kawai, faifan ajiyarta a kulle da BitLocker ko FileVault ta yadda ko an fizge ta a cikin adaidaita sahu ɓarawo ba zai karanta komai ba, ta kulle kanta in an tashi daga gabanta, kuma ma'aikaci ba shi da ikon saka mata wata manhaja da kansa. Mukan je har gida, da izinin mai gidan, mu canza kalmar sirrin na'urar intanet daga wadda ta zo da ita daga shago. Akwai kuma abin da babu shi a littafin kowa, wato matsalar wuta: waya mai ɗauke da imel ɗin ofis takan wuni a shagon mai caji, wani lokaci ba ko makulli a fuskarta. Kamfani ya saya wa ma'aikacinsa batirin cajin tafi-da-gidanka ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba, kuma mukan sa wannan a cikin jerin shawarwarinmu kafin komai mai tsada.

Ni kaina a wurin gyara na tashi, a wani ɗan shago a titin Beirut, inda na yi zaman koyon aiki a ƙarƙashin wani dattijo, Allah ya jiƙansa, wanda ya fi damuwa da tarbiyyar hannu a kan saurin aiki. Dokarsa ta farko ita ce ba a buɗe fayil ɗin mai kaya. In kana son gwada ko allo ya gyaru, akwai hoton gwaji na shago, in sauti ne akwai namu, amma hotunan iyalin mutum da wasiƙunsa ba ruwanka da su, kuma na ga ya sallami wani yaro mai ƙwazo a kan wannan ba tare da ya saurari roƙon kowa ba. Yakan ce mini, "Kai yaro, wanda ya kawo maka kwamfutarsa ɗakin kwanansa ya bar maka a buɗe." Shi ne kuma ya fara nuna mini cewa goge fayil ba ya nufin ya tafi ke nan: ya ɗauko wata kwamfuta ta hannu da aka shigo da ita daga waje, wadda aka ce an share ta tas, ya dawo da takardun mai ita na farko a gabana, sannan ya koya mini yadda ake share faifai ta yadda ba za su dawo ba. Har gobe, duk kwamfutar da abokin hulɗarmu zai sayar ko ya bayar sadaka sai ta biyo ta teburina, kuma duk wadda za a kai gyara sai an cire faifanta ko an tabbatar a kulle yake.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu aikin araha. Za ka zauna ka tsara wa mutum aiki, sai ya ce, "Haba injiniya, wannan kuɗi ai ya yi yawa, akwai wani yaro ɗan abokina da ya iya kwamfuta, zai yi mini a kashi ɗaya bisa huɗu." Nakan ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, tambaye shi da sunan wa zai buɗe babban asusun." Domin abin da muke tararwa bayan irin waɗannan ya zama kamar waƙa: Windows da Office na sata waɗanda aka kashe musu sabuntawa don kada su tona kansu, manhajar kashe bairos ita ma ta sata, sannan babban asusun kamfanin gaba ɗaya da adireshin shafinsa an yi musu rajista da imel ɗin yaron da lambar wayarsa. Ran da ya tafi bautar ƙasa ko aka samu saɓani a kan kuɗi, sai a wayi gari bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai suna hannun wanda ko takardar yarjejeniya ba a yi da shi ba. Mun taɓa karɓar aikin wani ofis da sai da dattawan unguwa suka sa baki kafin aka dawo musu da asusunsu. Manhajar sata kuwa ba kyauta ba ce, domin tana cikin manyan hanyoyin da ake cusa masu satar kalmomin sirri a kwamfuta. Haka nan GBWhatsApp da ire-irensa, waɗanda ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, ba ma yarda su zauna a wayar da ake aikin ofis da ita. Su ma masu kwamfutocin da har yanzu ke kan Windows 10 muna tuna musu cewa Microsoft ya ajiye 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa masa.

Doka ma ta shigo cikin lamarin. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a 2019, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Dokar ta wajabta wa mai riƙe da bayanai ya sanar da hukumar cikin awa 72 in an samu fitar bayanan da ka iya cutar da masu su, kuma tara tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe da bayanai, duk wanda ya fi yawa, ƙanana kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. Masu araha nan ma sun samu kasuwa, suna kwafo takardar manufar sirri daga intanet su canza suna su sayar, wani lokaci har da adireshin wani kamfani na Ingila a ƙasanta. Takarda ba za ta gaya maka cikin awa 72 wane fayil aka buɗe, da wane asusu, daga ina ba. Rajistar shiga da fita da aka kunna tun kafin abin ya faru ce ke gaya maka, kuma kunna ta yana cikin ayyukan ranar farko a wurinmu.

In mun gama, babban asusun yana komawa hannun mai kamfani da sunansa da lambarsa, mu kuma a ba mu asusu mai iyaka wanda zai iya rufewa duk ran da ya ga dama. Muna barin kwafin ajiya a wuri na biyu, kuma sai mun dawo da fayil daga cikinsa a gaban akanta kafin mu ce yana aiki. Bayan kowane wata uku muna komawa da jerin sunayen duk masu iko a kan rumbun, mu zauna da maigida ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya soke wanda ba ya buƙata.