Kaskon Hajiya da ƙarar da ta tashe mu kafin asuba

Talata da daddare, Jos

Yau kam sai dai Alhamdulillah, don har yanzu da nake rubutun nan jikina bai gama dawowa daidai ba. Wajen ƙarfe 4 saura, tun kafin kiran assalatu, wata ƙara ta tashe ni, tit-tit-tit tana yi tana tsayawa tana sakewa, na ɗauka wayar Abban yara ce na taɓa shi ya ce ba tasa ba ce. Sai da na fito falo na gane daga ɗakin yara take fitowa, 'yar na'urar nan ce da ƙanina ya kawo mana daga Abuja da babbar sallah ya kafa ta a bango da ƙusa ya ce ta gane gubar hayaƙi ce, kabon monoksaid, mu kuwa tun ranar ba wanda ya ƙara bi ta kanta.

Na tura ƙofa ta ƙi buɗuwa da sauƙi, ashe tsohon zani aka cusa a ƙasanta don kar iska ta shigo. Ɗakin ɗumi ƙalau, babu hayaƙi ko kaɗan, babu wari, fitilar na'urar dai ja tana ƙyaftawa, lambar da ke fuskarta ta haura 100. Ga kasko nan a gefen gado, garwashi ya yi ja a ƙarƙashin toka. Hajiya surukata ce ta shigo da shi, satinta biyu da zuwa daga Kano kuma sanyin Jos na Janairu bai yi mata da sauƙi ba ko kaɗan, garin da ke kan tudu kusan mita 1,200 ai ba wasa ba, da dare har ƙashi mutum yake jinsa. Bayan mun kwanta ta je kicin ta kwashi ragowar garwashin da na yi tuwo da shi, ta ƙara gawayi a kai, ta rufe tagogi ruf don jikokinta su ji ɗumi. Wallahi don ƙauna ta yi, kuma haka iyayenmu suka taso suna yi.

Abban yara ya fita da kaskon tsakar gida, ni na wangale tagogi na sunkuci auta na tashi yayarta. Ita babbar da ƙyar ta miƙe, tana cewa Umma kaina, Umma kaina, muna fitowa baranda ta yi amai. Hajiya kuma jiri ya kwashe ta sai da ɗanta ya riƙe ta. Tana zaune a kan tabarma cikin sanyin nan tana cewa "ke 'yar nan ba komai fa, zazzaɓi ne ke son kama ni, ki samo min maganin maleriya a kemis in gari ya waye." Na ce Hajiya ki yi haƙuri, asibiti za mu je dukkanmu.

Abin da ya fi tsaya min a rai ke nan yau, maganar zazzaɓin nan. Kwana uku ke nan yarinyar tana tashi da ciwon kai da kasala, in ta je makaranta ta dawo garau, ni kuma ina ta cewa sanyi ne ko mura, har farasitamol na ba ta jiya. Ashe Hajiya tana shiga da garwashi kaɗan-kaɗan tun ranar Asabar, jiya ne dai ta ƙara gawayi ta kuma toshe ƙasan ƙofa.

A asibiti wata likita ce ta duba su, Allah ya saka mata da alheri, ta zauna ta yi mana bayani tiryan-tiryan. Ta ce duk abin da ke cin wuta, gawayi ne ko itace ko kananzir ko gas ko fetur na janareto, in bai samu isasshiyar iska ba yana fitar da wannan guba, ba ta da launi ba ta da wari, kuma jinin mutum ya fi kama ta a kan oksijin fiye da sau 200, shi ya sa mai barci ba ya farkawa, barcin ne kawai ke ƙara nauyi. Ta ce alamarta ɗaya da mutane ba sa lura da ita, a ga mutanen ɗaki ɗaya duk sun tashi da ciwon kai tare, in sun fita waje su ji sauƙi. Har ma ta nuna min 'yar abar nan da ake maƙalawa a yatsa ta auna oksijin, ta ce ita wannan ba ta bambance gubar da oksijin, tana iya nuna lafiya lau alhali jini ya sha guba. An sa wa Hajiya da yarinyar oksijin, ta ce in a iskar waje ce kawai sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya fita daga jini, da oksijin zalla kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. Auta da sauƙi, duba ta kawai aka yi.

Sai bayan azahar muka dawo. Na lalubo takardar na'urar a cikin durowa, yau na fara karanta ta. An rubuta in lambar gubar da ke fuskarta ta kai 50 za ta yi ƙara cikin minti 60 zuwa 90, in ta kai 100 cikin minti 10 zuwa 40, in ta kai 300 kuwa ba ta cika minti 3. Akwai maɓallin gwaji da ake dannawa a ji ko batir na da rai, kuma ita kanta na'urar tana tsufa, akwai shekarar da aka buga a bayanta da za a canja ta. Wani abin da ban sani ba sai yau, ba ta gane yoyon gas ɗin girki, wannan na'urarsa daban, ni kuwa duk zatona tana tsare mana har kicin.

Shi ya sa na kira mai gas ɗin unguwarmu da la'asar na ce Malam don Allah ka zo ka duba min silinda. Ya zo ya ce in kawo ruwan omo da soso, ya shafa a bakin regileta da duk tsawon tiyo, muna tsugune muna kallo sai ga kumfa tana tasowa a daidai inda tiyon ya haɗu da kuka, 'yan ƙwayoyi ƙanana suna kumbura suna fashewa ba ƙaƙƙautawa. Ya lanƙwasa tiyon ya nuna min duk ya tsattsage kamar kaushin ƙafa, tun da muka tare gidan nan ba mu taɓa canja shi ba. Ya ce min gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, warin da kike ji ma zuba masa aka yi don a gane in yana yoyo, in kin ji shi kar ki kunna fitila kar ki kashe, kar ki ƙyasta ashana, ki rufe silinda ki buɗe ƙofa ki fita. Ya sa sabon tiyo da kilif biyu, muka fitar da silindar mai kilo 12.5 bayan tagar kicin inda iska ke bugawa. Ya kuma duba wutar kuka, kai ɗaya yana ba da wuta ja-ja mai baƙanta tukunya maimakon shuɗiya, ya ce wannan ma alamar bai ƙonewa daidai, ya cire ya goge ramukan da tsinke da buroshi ta dawo shuɗiya.

Maƙwabciyata ta shigo yi mana jaje tana goye da ɗanta, hira ta kai mu ga ƙanwarta da mai ya kama wuta tana suyar awara ta watsa masa ruwa, wutar ta yi tsalle har silin, hannunta har yau da tabo. Mai gas ya ce ruwa da mai mai zafi ba sa haɗuwa, a kashe kuka a kifa murfi a bar shi ya mutu da kansa, kar a ɗaga tukunyar. Ita kuma ta ce su janaretonsu a korido yake kwana saboda ɓarayi. Gabana ya faɗi, na ce Maman yara don girman Allah ki gaya wa maigidanki yau ɗin nan, waje ake ajiye shi nesa da taga, kamar taku 20, gara a yi masa keji da kwaɗo. Na nuna mata na'urar na danna mata ta ji ƙarar. Mu mutanen Jos da muka ga yadda babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002 muna tsoron wutar da ido ke gani, wannan da ba a gani ɗin ce ba mu saba jin labarinta ba. Ta ce za ta sa a duba mata irinta a shagunan kayan wuta na Ahmadu Bello Way. Lambar gaggawa 112 ma na rubuta ta da maka na manna a jikin firij.

Hajiya tun da muka dawo ba ta da sakewa, ta kira ni ɗaki ta ce "'yar nan da na kashe muku 'ya'ya fa", hawaye na zubo mata. Na durƙusa na ce Hajiya kar ki ƙara faɗar haka, ke ɗumi kika nema musu, laifinmu ne da ba mu tanadar miki abin sanyi ba tun zuwanki. Abban yara ya je ya sayo mata bargo mai kauri da safa da hular sanyi, ni kuma na cika jarka biyu ƙanana da ruwan zafi na naɗe su da tawul na sa mata ɗaya a ƙafa, ɗaya wajen yara. Kaskon yana can tsakar gida na kife shi a bayan randa.

Yanzu na leƙa su, duk sun yi barci, taga ɗaya na bar ta a ɗan buɗe, zanin ƙasan ƙofa na cire shi, na'urar tana nuna 0 koren fitilarta na ƙyaftawa jefi-jefi. Gobe in Allah ya kai mu zan kira ƙanina ya turo mana wata ta ɗakinmu, da ɗaya ta gidan Inna a Bukuru don ita ma na san da kasko take kwana.